Fumfuna a Zanen Kaka

Shekara goma sha tara ke nan makullin akwatunan zannuwan gida yana rataye a wuyan Goggo Minabo, a jikin wani baƙin zare, kuma a tsawon shekarun nan ba a haifi wanda zai ce mata "ba ni in gani" ba. Da shi take wanka, da shi take zuwa coci. Ranar da aka yi mata aikin ido a Fatakwal ma sai da ta sa likita ya yi alkawarin ba zai taɓa shi ba, sannan ta yarda ta kwanta. A garinsu Abonnema kowane babban gida yana da zannuwansa na gado da tsohuwar da ke tsaronsu, amma idan ka ji Goggo Minabo tana zancen nata, sai ka ɗauka sauran gidaje tsummokara suke ajiyewa.

Akwatuna bakwai ne a ɗakin baya. Shida na zannuwa ne masu daraja, na bakwai kuwa abu guda ne a ciki: zanen Kaka. Injiri ne, wato yadin Indiya mai ratsi, ja da baƙi, wanda kakarsu ta zauna da reza da allura tana zare masa zare ɗaya bayan ɗaya, har ado ya fito a jikinsa. Ba a ɗaura shi. Sai babba ya mutu a gidan ake fito da shi, a ɗora a gadon makoki tare da sauran, gari ya zo ya gani. Mai riƙe da makulli kaɗai ce ake shimfiɗa mata shi shi kaɗai ranar mutuwarta, a buɗe, ba a ɗora komai a kansa. Wannan ranar Goggo Minabo ta daɗe da gama tsara ta. Ta san waɗanda za su yi kuka, ta san waƙar da za a rera, ta kuma san kusurwar da ƙanwarta Alali za ta tsaya tana cizon yatsa. Abin da ke ɓata mata rai kawai shi ne ba za ta samu ganin abin da idonta ba.

Sai yayansu Dagogo ya riga ta. Wata huɗu yana kwance a ɗakin ajiye gawa a Fatakwal ana taron dangi a kansa, har aka tsayar da Asabar a binne shi. Juma'a da safe za a yi wa gadon makoki ado. Ranar Litinin Goggo Minabo ta buɗe ɗakin baya.

A ƙa'ida, kowane rani matan gida kan taru a fito da zannuwan a sha musu iska. Amma shekara biyu da suka wuce Alali ta yi kuskuren cewa, a gaban mutane, wai ninkin wani zane bai yi daidai ba. Tun daga ranar Goggo Minabo ta rufe ƙofa, ta ce bari ta ga mai ninkin. Damina biyu ɗakin yana rufe, su kuma kwanon rufi da ruwan sama ba su san ana fushi da kowa ba, suka ci gaba da harkarsu.

Warin ne ya fara yi mata sannu da zuwa. Bangon da akwatunan suka jingina da shi ya yi baƙi ƙirin tun daga sama har ƙasa. Ta buɗe na ɗaya, da sauƙi. Na biyu da na uku, ɗigo-ɗigo a gefe. Da ta zo na bakwai, wanda ya fi kowanne mannewa da bango saboda ta fi son ɓoye shi, sai ta ɗaga murfin a hankali. Fumfuna ta kwanta a tsakiyar zanen Kaka, toka-toka da kore-kore, faɗinta ya kai faranti.

"Goggo, lafiya? Warin me nake ji?"

Belema ce, 'yar marigayin, nas a Fatakwal, wadda ta zo makokin ubanta da jaririyarta 'yar wata uku. Ta leƙo kafin a samu damar rufe ƙofa, ta ga bango, ta ga zane, ta dafe ƙirji.

"Shigo ki rufe. Ko sai kin tara mini gari?" in ji Goggo Minabo.

Belema ta tsuguna ta duba ba tare da ta taɓa ba. "Bai ci zaren ba tukuna, Goggo. A fitar da shi rana ya bushe sosai, a kaɗe a hankali da burushi mai laushi. Yawancinta za ta zube."

"A fitar da shi rana."

"Eh."

"A tsakar gida. Inda duk matar da za ta sayen kifi bakin ruwa sai ta bi ta ƙofarmu. Inda tagar Alali take kallo. Me zai hana ki ce in ɗauko mai shela, ya zaga da shi kasuwa yana cewa ga abin da Minabo ta yi?"

"To a baranda ta baya, in rataye zannuwan goyo a gabansa. Abin da ya rage kuma, ina da ruwan da nake jiƙa fidar yarinya. Rabin murfi a bokiti cike da ruwa. A fara gwadawa a can bakin zanen, a jira a ga ko launi zai motsa. In bai motsa ba, a riƙa dangwalawa kaɗan-kaɗan."

Goggo Minabo ta dube ta tun daga ɗankwali har silifa. "Ruwan fida. Zanen da ya girmi ubanki, ya rufe gawar manya goma sha ɗaya, shi za a yi wa wanka da abin wanke robar jarirai. Sannu Likita. Allah ya ƙara ilimi."

"Goggo, ni dai..."

"Shekara talatin ina wankin coci. Rigar fasto, ƙyallen bagade, rigunan mawaƙa. Fumfuna ta san ni, na san ta. Da ta ga kwalbar bilic a hannuna take tattara kayanta."

"Ai rigar fasto fara ce, Goggo."

"Madalla da kika faɗa mini. Da shuɗiya nake ganinta."

Belema ta haɗiye abin da ya taso mata. Yarinya ce mai haƙuri, irin haƙurin da ake koya a ɗakin masu naƙuda. "Ai uwarsu ɗaya, Goggo. Abin da ke cikin bilic shi ne a cikin nawa, sai dai an rage masa ƙarfi sosai, ni kuma ina ƙara surka shi. Duk da haka ban yarda da shi a kan zane mai launi ba sai na gwada."

"To kin gama magana. In uwarsu ɗaya, me zai sa in bar babban wa in ɗauki na goye?"

Don a rufe bakin Likita, Goggo Minabo ta zaro wani ƙaramin kallabi daga akwati na uku, mai ɗigon fumfuna, ta jefa mata. Ta ce ta je ta yi wasan ruwanta da shi, ita kuma za ta nuna mata aikin manya a bango.

Ranar Talata ta nuna. Ta rufe ƙofa da taga ruf, don kada wari ya kai labari maƙwabta, ta tsoma tsumma a bilic tsagwaronsa ta hau bango. Ta yi tari har sai da ta ga taurari, hawaye da majina suka haɗe mata a haɓa, fatar yatsunta ta yi santsi. Amma kafin azahar bangon ya yi fari tas, kamar jiya aka shafe shi. Ta kira Belema ta tsayar da ita a gabansa.

"Ina fumfunar?"

"Ta tafi, Goggo. Amma in ba a gyara kwanon ba..."

"Na tambaye ki kwano? Ina naki aikin?"

Belema ta kawo kallabin daga baranda. Ta riga ta shanya shi, ta kaɗe, ta gwada a gefe, ta dangwala, ta ɗauraye, ta sake shanyawa. Launinsa na nan yadda yake, warin ya tafi, amma in ka kai shi kusa da ido za ka ga inuwar tabo a wuri biyu. Goggo Minabo kuwa har hanci ta kai shi.

"Wannan fa? Ado ne kika bar mana?"

"Gobe zan sake yi masa. Abin a hankali yake tafiya."

"A hankali. Ubanki na zuwa Juma'a, ke kina a hankali. Ki gaya masa ya ƙara wata guda a firij, ruwan fida bai gama ba."

Maganar ta soki Belema, ta juya ta fita. Goggo Minabo ta ɗan ji babu daɗi, amma ta dubi farin bangonta sai abin ya wuce.

Laraba da safe Belema ta goya 'yarta ta tafi Fatakwal kan takardun ɗauko gawa. Kafin ta fita ta ajiye kwalbar ruwan fida a bakin ƙofar ɗakin baya, ko Allah zai sa. Goggo Minabo ta ture ta da ƙafa, ta shiga ta sa sakata. Ta shimfiɗa zanen Kaka a kan tebur, ta zuba bilic a kwano. Har ruwa ta ɗan ɗiga a ciki, cokali biyu, don kada wata rana a ce ba ta jin shawara. Sannan ta tsoma farin tsumma ta danna a tsakiyar tabon.

Fumfuna ta ɓace nan take. Daɗi ya kama ta, ta ƙara tsomawa ta bi sauran wurin gaba ɗaya, tana 'yar waƙar coci a ƙasan maƙoshi. Ba ta kai ƙarshen baiti ba ta ga jan ya fara komawa ruwan hoda. Ta tsaya. Ruwan hodan ya koma ruwan ɗorawa, baƙin ya koma kalar tsatsa. Ta ruga ta ɗebo ruwa ta kwara, abin ya bi ruwan ya ƙara faɗi. Ta kama wurin ta cuɗa, kamar yadda take cuɗa wuyan rigar fasto, sai ta ji zaren ya saki a hannunta ba ko ƙara. Zanen da aka riga aka zare rabin zarensa kusan shekara ɗari da suka wuce ba shi da abin da zai yi faɗa da shi.

Ta zauna a kan akwati na shida. Tsoro ne ya kama ta, tsoro na gaske, irin wanda rabonta da shi tun tana yarinya. Da ya ɗan lafa sai ta shiga neman mai laifi. Ta fara da kafintan da ya buga kwano. Ta wuce kan Alali da bakinta. Ta biya ta kan Belema, wadda ta tafi ta bar tsohuwa ita kaɗai da aiki. Har Dagogo ta taɓa, mutumin da ya rasa lokacin mutuwa sai tsakiyar damina. Ta zaga dangi kaf, ba ta iso kanta ba.

Abu ɗaya ba a ƙwace mata ba, wato ninki. Duk abin da Alali za ta faɗa, babu hannu irin nata a unguwar. Ta ɗauraye zanen, ta busar da shi a ɗaki da fanka, ta yini Alhamis tana naɗe shi tana warwarewa, har ta samu wani naɗi mai kamar mafici, ja da baƙi a waje, farin da ramin a can ciki inda ido ba ya kaiwa. Da Belema ta dawo ta tambaya, sai ta ce ta gama da shi.

"Da me, Goggo?"

"Da hannuna."

Belema ta dubi kwalbarta a bakin ƙofa, murfin ko motsi bai yi ba. Ta ɗauke abarta ta koma ɗaki.

Juma'a da hantsi matan gida suka cika ɗakin makoki. Aka jera zannuwa a gado, aka ɗaura wasu a bango, aka rataya murjani. A tsakiyar gadon Goggo Minabo ta ɗora maficinta da hannu biyu, ta ja baya. Mata suka yi ta yabo, ita kuma tana karɓa da ɗan gyaɗa kai, kamar wadda ta gaji da jin gaskiya.

Alali ta shigo tana shinshina. "Yaya, ɗakin makoki muka shigo ko asibiti?"

"Bango na wanke. Wasu aiki suke yi, wasu shinshina."

"Sannu da aiki. Zanen Kaka ne wancan a dunƙule? Yaushe aka fara naɗe shi haka?"

"Tun ranar da aka samu masu koya mana ninki."

Da a nan abin ya tsaya, da Goggo Minabo ta sha. Amma akwai Iya Soye, wadda ta fi kowa tsufa a gidan, ta haura casa'in, idonta ya tafi sai hannu da hanci. Ba a buɗe wa baƙi ƙofa sai ta zaga gado ta shafa kowane zane ta faɗi mai shi. Ita kaɗai ta rage a duniya da ta ga Kaka zaune da rezarta. Goggo Minabo ta tsara komai saboda masu ido, ta manta da marar ido.

Aka riƙo hannun tsohuwar. Ta shafa wannan ta ce na wance ne, ta shafa wancan ta ce da shi aka yi auren wane. Da hannunta ya sauka a kan maficin sai ta yi murmushi, ta kira sunan Kaka a hankali. Sannan ta sunkuya, murmushin ya tsaya. Ta zura yatsu cikin naɗin tana neman adon da ta sani, tana warwarewa, Goggo Minabo na cewa "Iya, ai kya ɓata ninkin," ita kuwa ba ta ko juyo ba. Yatsanta manuni ya shiga ta ciki ya fito ta waje.

Aka shimfiɗa zanen. Farin ya fi faranti yanzu, ya kai tire, gefensa ruwan ɗorawa, tsakiyarsa rami mai shan hannun yaro.

Goggo Minabo ta saci kallon Alali, tana jiran dariya, ta ma tanadi amsa. Alali ba ta yi dariya ba. Ta zauna a ƙasa dirshan, ta kama bakin zanen ta kifa fuska a kai tana kuka a hankali. Wannan ya fi komai yi wa Goggo Minabo ciwo, don ba ta da amsar kuka.

"Minabo," in ji Iya Soye. "Me ya ci shi?"

"Fumfuna ce, Iya. Damina ta yi yawa bana, ga kwanon..."

"Na yi damina casa'in a garin nan. Ban taɓa jin fumfuna mai warin bayan gidan asibiti ba." Ta juya kai. "Ina 'yar Dagogo? Ke ce a gidan. Me kika sani?"

Belema ta sunkuyar da kai. "Na ga fumfuna ranar Litinin, Iya. Sauran ban gani ba, ina Fatakwal."

"Da kika gani, me kika ce?"

"Na ce a shanya, a kaɗe, a gwada ruwan fida a gefe."

"Ita ta ce me?"

Belema ta saci kallon Goggo Minabo ta kau da kai. Kallon ya ishi kowa.

"Me ya hana ki shanyawa, Minabo?"

"Mutane za su gani, Iya."

"To ga shi ba su gani ba."

Tsohuwar ta miƙa tafin hannu tana jiran makulli. Zaren ya ƙi wucewa ta kan ɗaurin ɗankwali, dole Goggo Minabo ta kwance ɗaurin da ta ɓata rabin safiya tana kafawa, furfurarta a waje a gaban yara da surukai. Inda zaren ya kwanta shekara goma sha tara ya bar siririn layi a wuyanta. Iya Soye ta auna makullin a hannu, ta kira Alali ta ba ta. Alali ta karɓa tana share hawaye, ba ta ko dubi yayarta ba. Umarni ya biyo baya: gobe bayan an binne, akwatuna shida su fito tsakar gida, rana ta gan su, duk mai zuwa sayen kifi ma ta gan su. Abin da rana da burushi suka bari, Belema ta bi da ruwan fidarta, kuma a kira kafinta.

"Wannan fa, Iya?" wata ta tambaya, tana nuna zanen Kaka. "Baƙi sun taru a waje."

"A mayar da naɗin yadda ta yi. Dagogo bai yi laifin komai ba."

Goggo Minabo ta samu murya. "Iya, in an gama, a ba ni shi in ɓoye. Ko a binne shi tare da Yaya Dagogo, kowa ya huta."

"A binne? Haba Minabo. Shekara goma sha tara kina riƙe da makulli, ai ba za mu ci haƙƙinki ba." Tsohuwar ta lalubo hannunta ta ɗan bubbuga. "Ranarki za a shimfiɗa miki shi, shi kaɗai, a buɗe, ba a ɗora komai a kai. Alali, kin ji. In ba na nan, ke ce shaida."

"Na ji, Iya."

Aka buɗe ƙofa, baƙi suka fara shigowa. Goggo Minabo ta zame ta koma ɗakin baya, inda ba ta da sauran abin tsaro, ta zauna a kan akwati tana mayar da ɗaurinta. A saman farin bangon, daidai inda kwano ke ɗiga, 'yan ɗigo baƙaƙe sun fara leƙowa. Ba su ta tsaya kallo ba. Gadonta take gani, wanda ta gama tsarawa tun tuni: mawaƙa a hagu, dangi a dama, gari kaf a layi har bakin ruwa, kowa yana shigowa idonsa na fara sauka a tsakiyar zane. Tana jin ana yabon naɗinta daga ɗakin makoki. Matar da ta shekara goma sha tara tana ɗokin ranar mutuwarta ta haɗa hannu biyu a cinya, ta roƙi Allah da gaske ya ba ta tsawon rai.